Lofen da Ba a Ɗora Masa Garwashi

Ladi, Bitrus, da ke Rahila, na san abin da ake faɗa muku duk sanda kuka je ƙauye hutu. Ana cewa ubanku ya taɓa dukan hannun dattijo a tsakar gidansa, a gaban mahaifinsa. Ba ƙarya ba ne. Na doke shi, kuma da ƙarfi. Amma masu ba ku labarin daga dukan suke farawa, a dukan suke tsayawa, shi ya sa na sayi wannan littafi mai layi na zauna in rubuta muku da hannuna. Kun san ban daɗe da iya rubutu ba, sai da gemuna ya fara fari na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina rubutu a hankali, kamar yadda nake goge katako, amma abin da na sa a nan na tabbata da shi.

A shekarar da abin ya faru muna zaune a gidan haya na Samaru, wanda ke da bishiyar mangwaro a tsakar gida, ni kuma kullum ina hawa motar haya zuwa shagona na kafinta a Sabon Gari, kusa da masu sayar da katako. Da damina ta tsaya aka aiko mini cewa kakanku ba ya iya kai ƙarshen kunya ɗaya a gona sai ya zauna ya huta. Na je na ɗauko shi. Tarinsa ya riga shi shiga ɗaki. Tun ina yaro ban taɓa ganinsa ba lofe a hannu ko a aljihu ba. Kan lofen na yumɓu ne, ya yi baƙi ƙirin, tabar kuma shi ke shuka abarsa a bayan gida, ya shanya, ya murje. Ba ya amfani da ashana. Da yatsu biyu yake ɗauko garwashi daga murhu ya ɗora a kan tabar, fatar yatsun ta mutu tun tuni, ba ya jin komai. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ɗaga hoton a haske ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya yi masa magana kai tsaye.

"Baba, hayaƙi ya cinye rabin wurin da iska ke shiga. Idan ka bar taba, za mu iya riƙe sauran. Idan ba ka bari ba, ni ba ni da maganin da zan ba ka."

"To shi rabin da ya rage," in ji Baba, "ba zai ishi tsoho ba?"

Likita bai yi dariya ba. Ya ce a riƙa kawo shi duk wata, kuma kada ya yi nisa da asibiti.

Daga ranar gidanmu ya zama fagen fama. Mahaifiyarku Saratu ta ɓoye ƙullin tabarsa a cikin buhun masara, ya gano. Ta mayar bayan tukunyar ruwa, ya gano. Ta zubar a kwata, sai ga shi ya yi abota da wani tsohon maigadi a bakin layi, yana dawowa yana tsotsar goro don kashe wari. Saratu ba ta iya ɗaga masa murya, suruki ne, sai dai ta tsaya daga nesa da tsintsiya a hannu ta ce,

"Baba, yau ma iskar bakin layi ta yi warin taba."

"Hancinki ne, uwar Ladi. Mai hanci irin naki ai kwastan ya kamata ta shiga."

Abin dariya ne a baki, amma da safe idan ya fara tari har sai ya dafa bango. Wata rana na tsananta, na je na roƙi maigadin nan ya daina ba shi. Da Baba ya ji, ya kira ni. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Kafinta yake ce mini.

"Kafinta, ka kawo ni jinya ne ko ka kawo ni kurkuku? Gara in mutu a bukkata da hayaƙina da in zauna nan ana shinshina ni kamar nama. Da zarar an yi girbi zan koma."

Na san idan ya koma shike nan. A can taba na bayan ɗaki, abokansa duk masu sha ne, asibiti kuma sai an yi tafiyar rabin yini. Ban yi musu da shi ba, domin musu da Baba kamar hura wuta ne. Abin da na yi shi ne na zuba masa ido. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci nakan zauna a ƙarƙashin mangwaro kamar ina gyaran kujera, ina kallonsa ta gefen ido. Sai na ga ko babu taba a ciki, yana fito da lofen, ya ƙwanƙwasa kansa a dunduniya sau biyu, ya hura, ya danna bakin da babban yatsa, ya sa a baki ya zauna shiru. Ashe ba ƙirjinsa kaɗai ke neman tabar ba, har da hannunsa. Mu muna ta yaƙi da hayaƙi, mun manta mutum ne da ya shekara fiye da hamsin yana riƙe abu ɗaya a wuri ɗaya.

Maƙwabcina a Sabon Gari Oga Emeka ne, mai gyaran rediyo da waya. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Da can yana shan sigari kamar bututun jirgin ƙasa, sai na lura ya koma tsotsar wani siririn abu mai batir da ke fitar da tururi. Ya ce mini sigarin lantarki ne, babu wuta, babu toka. Akwai ɗan tulun gilashi da ake zuba wa ruwa mai ƙarfin taba, da wani siririn zaren ƙarfe da batir ke zafafawa, ruwan ya zama tururi. Ban yarda da maganarsa ita kaɗai ba. Da muka koma asibiti na tambayi likita a gefe. Ya ce shi ba zai ce mini abin lafiya ne ba, kuma wanda bai taɓa shan taba ba kada ya kusance shi, abin da ya fi shi ne a bar duka. Amma idan tsohon ya ƙi, to wannan bai kai ƙona ganye ba, da sharaɗin a riƙa rage ƙarfin ruwan a hankali. Ku ma ku riƙe wannan. Ba don ku aka yi abin ba.

Na aro na Emeka na kai gida. Baba ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi mataccen ɓera, ya juya shi, ya miƙo mini.

"Wannan ai biro ne. Kai da ka shiga makaranta da tsufa, kai ka tsotsa."

A mota washegari tunanin ya zo mini. Idan siffar ce ba ya so, ai siffa aikina ce. Na gaya wa Emeka zan sassaƙa lofe na itace, shi kuma ya sa masa kayan ciki. Ya dube ni ya yi dariya har da buga tebur.

"Oga Dogara, kai da ke yin gado da kabad? Wannan aikin agogo ne fa."

"Wanda ya iya babba zai iya ƙarami, in ya rage gaggawa."

"To zauna in zana maka. Amma duk abin da na faɗa ka rubuta, ba na son gobe ka ce mini ka manta."

A nan karatuna ya yi mini rana. A littafin da nake zuwa aji da shi na rubuta komai da Hausa, shi yana karanto takardar Turanci da ta zo da batirin yana fassarawa. Jar waya gefen da ke da alamar gicciye. Baƙar waya ɗaya gefen. Kada ruwa ya shiga. Kada a matse shi. Na ƙarshe ya sa na ja masa layi biyu a ƙasa: kada wuta ta taɓa shi. Da na kai wa malamarmu ta duba, kuskure biyu kawai ta samu, ta tambaye ni wane irin darasi ne wannan, na ce na gida ne.

Itacen ne ya fara ba ni wahala. Katakon da muke aiki da shi a shago ba ya jure ƙaramin aiki. Na fara da maɗaci, da na huda ramin batir gefen ya yi siriri ya tsage. Na sake, ya sake tsagewa. Sai na tuna tsohuwar taɓaryar Saratu ta kirya da ta karye, wadda take tokare ƙofar kicin da ita. Itacen da ya shekara da shekaru yana daka ya gama duk motsin da zai yi, ba zai ƙara tsagewa ba. Na yanko kan mai kauri. Kirya tana cin kaifin kurfi, sai na yi ta wasawa, ina cire ɗan kaɗan, ina gwada batirin, ina sake cirewa. Ramin batir yana tsaye a cikin kan lofen. Daga gindinsa na huda siririyar hanya ta waya zuwa wuya, inda tulun gilashin zai ɗauru ya zama kamar karan lofe. Wannan hanyar ita ta ci mini mako guda, domin a karkace take, in ka kauce da kaurin farce sai ka fito ta gefe. Da azahar in ciniki ya lafa nake yi, da magagari da samfefa a cinya. Emeka yana leƙowa da jiƙaƙƙen garin rogonsa a kofi yana tsokanata.

"Har yanzu kana nan? In da mota kake ƙerawa da mun isa Kano."

Da na gama, shi ya liƙe wayoyin da dalma, ya sa zoben tagulla a wuya, ya sa makunni daidai inda babban yatsa ke sauka. Ni kuma na rufe saman da murfin tagulla, na shafe jikin da banish har yana ɗaukar ido. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba. Na naɗe shi a hankici na kai wa Baba. Ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Warin kujerar coci yake yi. Kuma ina bakin? Ka taɓa ganin lofe da hula? A ina zan sa yatsana?"

Saratu ta ji mini zafi, ta shige ɗaki. Ni ban ji ba. Ai ya faɗi abin da yake so, wanda bai taɓa yi ba. Na koma na kankare banish ɗin tas. Na cire murfin tagulla, na sauke batirin ƙasa kaɗan, na rufe shi da wani siririn faifan kirya, na bar rami a sama daidai zurfin gaɓar yatsa, kamar na lofen gaske. Sannan na cire batirin, na gasa ƙarfe ya yi ja na ƙone bakin ramin, yadda masassaƙan garinmu ke yi wa akushi, ya yi baƙi kamar an shekara ana shan taba a ciki. Maimakon banish na murje shi da man kaɗe. Da Emeka ya gani sai dariyarsa ta ɗauke.

"Oga Dogara, ka yi shi ya cika kama. Wanda bai sani ba zai ce taba ake zubawa a nan. Tsakanin ramin nan da batir fa abin bai kai kaurin kwabo ba."

"Baba kaɗai zai riƙe shi. Zan gaya masa."

"To ka gaya masa da kyau."

Na gaya masa da kyau. Na buɗe littafina na karanta masa layin da na ja wa layi biyu, har sau uku. Ya ce ya ji, amma hankalinsa na kan lofen. Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa a dunduniya a hankali. Ya sa babban yatsa a ramin, ya zauna daram. Na nuna masa makunni, ya danna ya ja. Tururi ya fito ta hancinsa fari fat, ya bi shi da kallo har ya ɓace a ganyen mangwaro.

"Ba ta da cizo kamar tawa," ya ce. "Amma ta san hanya."

Watanni biyu da suka biyo baya su ne mafi daɗin zaman da na yi da mahaifina. Ya daina zuwa bakin layi. Tarin bai tafi ba, amma ya daina dafa bango, har yana zagayawa kasuwar Samaru da ƙafa ya dawo yana zagin tsadar kuɓewa. Duk bayan kwana biyu Saratu ke sa masa lofen a caji tare da wayarta, yana zaune kusa yana gadi, wai kada a ba wayar abinci a bar nasa da yunwa. Ni da Emeka muna rage ƙarfin ruwan kaɗan kaɗan yadda likita ya ce. Maƙwabta suna shigowa kallo, wasu har suna cewa in yi musu, na ƙi. Aka yi girbi, bai ƙara ta da maganar komawa ba, ni ma ban tuna masa ba.

Sai Baba Nomau ya zo. Ku ba ku san shi sosai ba. Taubashin kakanku ne, ɗan ƙanwar ubansa, tare suka yi kiwo, tare suka yi kokawa, ba sa haɗuwa sai da zagi. Ya iso ranar Asabar da hantsi da buhun sabuwar dawa da zakara ɗaure a ƙafa, cikin farar rigarsa ta zuwa biki. Ni na fita shago da safe, na dawo da wuri don in gaishe shi. Tun daga zaure nake jiyo su.

"Bawana, an ce ka mutu, na zo ɗaukar gado, sai na tarar da kai ka yi kumatu!"

"Gadon me, ɓarawon akuya? Zauna in nuna maka abin da ko a mafarki ba ka taɓa gani ba."

A nan sai na yi muku bayanin wata al'ada tamu, domin ku a gari kuka tashi. A wurinmu idan baƙo babba ya zo, kafin ruwa, kafin tuwo, mai gida zai miƙa masa lofensa. Baƙon ne zai zuba taba, shi zai ɗora wuta da hannunsa, shi zai fara ja, sannan ya mayar. Ma'anarsa babu komai tsakaninsu. Wanda aka hana shi ɗora wutar nan, ko aka karɓe lofen kafin ya ja, an gaya masa ba a bukatarsa a gidan ke nan. Ni na san wannan tun ina yaro. Amma duk kwanakin da na yi ina fafe ramin nan, ina ƙona bakinsa don ya yi kama da na gaske, ko sau ɗaya ban tuna da baƙo ba.

Da na shigo tsakar gida, Saratu tana gasa masara a kurfoti kusa da su, ta shiga ɗaki ɗauko gishiri. Baba yana kan tabarma yana murmushi, ya miƙa lofen bai yi bayanin komai ba, yana jiran ya yi wa taubashinsa dariya. Ya ji gargaɗina, amma ya ɗauke shi irin tsoron mutanen birni ne, masu gudun ruwan rijiya. Baba Nomau kuwa ya riga ya cika ramin da tabar aljihunsa. Ina kallo ya miƙa yatsu biyu cikin kurfoti, ya ɗauko garwashi ja zur, ya ɗora, ya danna, ya kai bakinsa. Kan lofen yana ƙasa da idonsa da ɗan taƙi kaɗan.

Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba. Na doki bayan hannunsa, lofen ya yi tsalle ya faɗa gindin mangwaro, garwashin ya faɗo a kan farar rigarsa. Na bi lofen na zazzage shi a ƙasa, na tura shi da ƙafa nesa da mutane. Da na juyo, rigar ta huje a cinya, hayaƙi na tashi. Bai ko kakkaɓe ba. Hannunsa yake kallo.

"Ni ka doka?"

Na zube a ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri, akwai batir a ciki, in wuta ta..."

"Ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka yi maka aski. Ni ka doka." Ya juya wurin Baba, ba wasa a muryarsa. "Ka kira ni in ga abin da ban taɓa gani ba. To na gani."

Saratu ta fito tana roƙo, ta ce ga abinci an sauke. Bai dube ta ba. Ya ɗauki sandarsa da hularsa ya fita, ya bar dawar da zakaran. Na bi shi har titi ina magana, ya shiga motar farko da ta tsaya.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya shiga ɗaki ya fara ninke kayansa. Ya ce ranar Talata zai tafi, domin ba zai zauna a gidan da aka kori ɗan'uwansa ba, kuma dole wani ya je ya zauna da Nomau. Washegari Lahadi na je gidan Emeka a Palladan na gaya masa. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko da yake na gani a fuskarsa. Da la'asar ya zo da wani tsohon batir irin na lofen wanda ya lalace, ya gaishe da Baba ya roƙe shi ya fito fili bayan gida. Muka zuba garwashi a gwangwanin fenti a tsakiyar filin, inda babu kowa, Emeka ya jefa batirin ya rugo, muka tsaya can nesa bayan katanga. Da farko shiru. Baba har ya fara gyaran murya zai yi magana. Sai abin ya yi huci kamar kububuwa, wuta ta yi feshi sama fiye da tsayin mutum, gwangwanin ya yi tsalle ya kife, wani hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe. Emeka ya yi sallama ya tafi, ya bar mu. Muka daɗe a tsaye.

"Da a fuskarsa ke nan," in ji Baba.

"Da a fuskarsa."

"Ka yi gaskiya, Kafinta. Amma hannu ka ɗaga. Ina bakinka yake?"

"Baki bai kai hannu sauri ba, Baba."

"Haka ne." Ya dubi gwangwanin. "Gaskiyarka ba za ta ɗinke rigarsa ba. Talata zan tafi."

Ban hana shi ba. Ranar Litinin na zauna na cire faifan da ya ƙone, na sa wani, na cike ramin da itace har ya rage ɗan lotsawa kawai da yatsa zai zauna, wanda ko ƙwayar taba ba za ta tsaya a kai ba. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan. Talata da safe na ɗauki jakarsa muka tafi tasha. Saratu ta tsaya a ƙofa, mu duka mun san abin da ke jiransa a bayan ɗakinsa na ƙauye. Direba ya ba shi gidan gaba, aka ɗaure jakar a baya. Mota ta kusa cika, na miƙa masa lofen ta taga tare da wayar cajinsa. Ya shafa sabon bakin da yatsa, ya juya wayar a hannu, ya daɗe yana kallonta.

"Wannan abin naka, kwana nawa yake yi kafin ya ji yunwa?"

"Biyu."

"To a ƙauye ina zan samo masa lantarki?"

A bakin kasuwar ƙauyenmu akwai shago mai sola inda kowa ke cajin waya. Na sani. Shi ma ya sani, domin a nan yake cajin tocilarsa. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ba ni yake kallo ba, gilashin gaban mota yake kallo. Na haɗiye maganar.

"Babu, Baba."

"Ka gani? Aikin banza ka yi, abu ba ya zuwa ko'ina." Ya buɗe ƙofa ya sauko. "Direba, kwance mini jakata."

Direba ya fara ƙorafi cewa kujera za ta tafi wayam. Baba ya nuna ni da kan lofen.

"Ga wanda zai zauna. Shiga, Kafinta. Hannunka ya yi, gwiwarka za ta je ta gyara."

Haka na tafi ƙauye da kayan aiki a jikina, ko hula ban ɗauko ba. Na sami Baba Nomau a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa a rana na faɗi abin da ya kawo ni, na gaya masa abin da muka gani a fili, na ce laifin nawa ne tun daga sassaƙa. Bai ɗago ba. Mutane suka taru suna kallo, suka gaji suka watse. Inuwar zaurensa ta taso daga bango ta zo ta rufe ni, ina nan. Bai ce in tashi ba, bai sa a kawo mini ruwa ba, kuma ku sani har ya bar duniya bai ƙara cin abincin gidana ba. Wannan shi ne abin da na biya, ban kuma ce ya zalunce ni ba. Kakanku kuwa ya ƙara damina huɗu a ƙarƙashin mangwaron nan, bai sake ɗora wuta a kan taba ba.

Da rana ta yi sanyi Baba Nomau ya ajiye fartanyar, ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Ya tarin nasa?"

"Da sauƙi, Baba. Yana zuwa kasuwa da ƙafarsa."

Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

"To ka riƙe shi a can. Kada ka bari ya dawo nan. In ya zo ƙofata ya miƙo hannu, ni ba zan iya hana shi taba ba."

Ya shige gida ya ja ƙyaure. Na tashi da ƙyar, gwiwoyina sun mutu, na ɗingisa zuwa bakin hanya na tari motar ƙarshe mai zuwa Samaru.